Wasiƙa a kan fentin tsohuwar tarakta

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara. Ya sanyin Amurka? Allah Ya ba da ikon jurewa.

Hotunan 'yar taraktar da ka saya sun iso, na kuma dube su da kyau. John Deere 110 ce, irin wadda aka fara ƙerawa a 1963 a garin Horicon na jihar Wisconsin, kuma zagayayyun madigadinta sun nuna ba ta wuce 1967 ba, domin daga 1968 aka sauya musu siffa. Ka yi dace. Shi ya sa hankalina bai kwanta ba da ka ce za ka sayo gwangwanin feshi ka gama da ita a kwana biyu. Don Allah ka dakata. Fentin da aka ɗora a kan giris da tsatsa ba ya shekara sai ya kumbura ya fara ɓarewa.

Ka fara da kwance ta: bonet, madigadi, kujera, tayoyi, tankin mai, batir da wayoyi. Kafin ka cire kowane abu ka ɗauke shi hoto, notinsa kuma ka zuba a leda ka rubuta sunan wurin. Daga nan sai wanki, kuma wankin ne kafin sanfefa. Idan ka fara gogewa giris na nan, tura shi kake yi cikin kurjin ƙarfen, ranar feshi sai ka ga fenti yana gudu daga wurin yana barin ƙananan ramuka zagayayyu. Ka kankare daskararren baƙin mai, ka wanke da sinadarin cire maiƙo, ka ɗauraye, ka bari ya bushe sarai. Mazaunin batir kuwa ruwan batir ne ya ci shi, don haka ka jiƙa shi da ruwan bekin soda har ya daina kumfa, in ba haka ba tsatsar daga ƙarƙashi za ta dawo.

Fentin wancan zamani sau da yawa yana ɗauke da dalma, musamman rawaya da kore. Ka sayi abin gwajin dalma a shagon kayan gini ka gwada. In akwai, kada ka goge a bushe, ka riƙa jiƙa sanfefar, kuma kada yara su matso wurin.

Ka kara maganaɗisu a jikin bonet, za ka ga bai kama ba, saboda faiba ne, wato zaren gilashi da aka daskarar da gam, ba ƙarfe ba. Kada a harba masa yashi, kada a shafa masa sinadarin zubar da fenti, duka biyun suna cin fatarsa su tono zaren ciki. Da hannu za ka bi shi, da sanfefa mai lamba 180 sannan 320. Tsagewar da na gani kusa da gaba, ka faɗaɗa bakinta kaɗan, ka liƙa zanen faiba da ruwansa ta ciki, sannan ka cike ta waje. In fila, wato ƙullin cike loɓa, kaɗai ka shafa, girgizar inji za ta sake buɗe ta.

Shasi da madigadi da wili su ne ƙarfe. In kana da inda ake harba yashi, kai su can, amma kada inji da giya su je, don yashi na shiga boris da sil ya lalata su. In da hannu ne, burushin waya da lamba 80 har ƙarfe ya fito fari. Inda tsatsa ta yi ramuka ka shafa maganin tsatsa, sai dai ka wanke ragowarsa tas, domin firaima, wato fentin farko da ake shimfiɗawa kafin mai launi, ba ta kama wurin da asid ya saura. Ƙarfen da aka kankare kada ya kwana tsirara, danshin dare ɗaya ya isa ya sa masa jan hoda. A ranar ka fesa firaimar ifoksi hannu biyu, wato shafi biyu. Fila a kan loɓa kawai, siriri, kada kaurinsa ya wuce milimita 3. Ka daidaita shi da 180, ka sake firaima, ka bi da 400 da ruwa. Ka shafa da tafin hannu, duk tudun da hannu ya ji, ido zai gan shi bayan fenti ya yi sheƙi.

Kafin feshi ka rufe da tef: farantin lambar tarakta da na injin Kohler, kafireta, ramin fulogi, zaren noti, kwarin fulai inda bel ke bi, da wurin da wayar batir ke kama shasi. Wannan na ƙarshe mutane na mantawa da shi, sai an gama haɗawa a murza makulli a ji shiru, alhali fenti ne ya raba waya da ƙarfe. Haƙarƙarin kan silinda kada ka lafta musu fenti, da iska injin yake hucewa. Salansa kuma nata fentin daban ne, mai jure zafi.

Lita 2 na firaima, lita 2 na kore, lita 1 na rawaya da rabin lita na baƙi za su ishe ka. Koren ka saya a wurin dillalin kamfanin, kada ka haɗa da ido. Wili ka yi musu farar firaima, saboda rawaya ba ta rufe toka-toka sai an yi ta maimaitawa har ta fara zuba. Firaima, fenti, tina da hadna, wato sinadarin ƙarfafa fenti, duk su zama na kamfani guda. Tina mai ƙarfi a kan fentin inamel tana tattare shi kamar fatar tsohon kabewa, kuma ba shi da gyara sai kankarewa.

Ina ba ka shawarar zuba hadna, domin ba tare da shi ba ɗigon fetur a bakin tanki zai narka fentin. Yawanci kashi 1 ne cikin kashi 8 na fenti, amma ka bi abin da ke jikin gwangwani. Sai dai tururinsa guba ne ga huhu, kuma takunkumin ƙura ba ya tare shi. Mafi aminci shi ne takunkumi mai janyo iska daga waje. In babu shi, gara ka bar hadnan ka yi haƙuri da jinkirin bushewa.

Bindigar feshi mai baki 1.4 ta dace da fenti, 1.8 da firaima mai kauri. Ka sa matatar ruwa a bututun kwamfuresa, kuma ka tsiyaye tankinta da safe. Tazara santimita 15 zuwa 20, kowane layi ya hau rabin na baya, hannu na tafiya kafin ka danna. Hannun farko siriri, ka jira minti 10 zuwa 15 ya yi danƙo, sannan hannu biyu cikakku. In ka matso sosai zai zuba, in ka yi nisa zai sauka a bushe ya yi gurji-gurji. Wanda ya zuba kada ka taɓa shi a jiƙe, bari ya ƙame ka goge da 600 ka sake.

Mu nan ƙurar hunturu ce ke ɓata mana aiki, ku kuwa sanyi da raɓa. Ƙasa da digiri 15 a ma'aunin Celsius fenti ba ya bushewa yadda ya kamata, a kan ƙarfe mai raɓa kuma sai ya yi hazo. Kada kuma ka kunna hita a gareji kana feshi, tururin tina na kama wuta. Ka yi kwancewa da wanki da gyaran bonet yanzu, ka ajiye kankare ƙarfe da feshi sai watan Mayu ko Yuni. Bayan feshi ka ba shi mako guda kafin haɗawa, wata guda kafin sitika, ka manna ta da ɗan ruwan sabulu don ka samu damar daidaita ta.

Ka turo mini hoton ƙasan madigadi da mazaunin batir bayan wanki, in gani ko akwai inda ke buƙatar walda. Mutanen gida duk suna gaishe ku. Ka shafa mini kan yara.

Naka amini,
daga Kaduna