Wasiƙa daga Agege: ƙadangaren ƙarfe da gardamar teburin mai shayi

Agege, Legas
Mayu 2024

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya iyali, ya su Hajiya, ya kuma zafin Funtua? Da fatan an yi sallah lafiya. Ka yi haƙuri da shirun da na yi, wallahi ba mantuwa ba ce, ka dai san aikin tuƙi a garin nan, da asuba nake fita sai bayan isha'i nake ganin ƙofar gida, ga gyaran gadar Third Mainland da aka yi ta yi tun Janairu har Afrilu, mun ga tasku ba kaɗan ba. Tun da aka hana acaba a 2022 ka tattara ka koma gida, teburin mai shayinmu bai ƙara samun mai taurin kai irinka ba, shi ya sa da wata gardama ta ɓarke kwanan nan kai na fara tunawa.

Kan wani katun ne fa. Kar ka yi dariya tukuna.

Wata rana mun maƙale a gosulo wajen Falomo, yaran oga suna baya da tablet ɗinsu, sai na ji ana ambaton Ajegunle ana zuba burokin irin na bakin titi. Na ɗauka fim ɗin Nollywood ne, na leƙa ta madubi sai na ga zane ne, amma ga danfo mai ruwan ɗorawa, ga lagun, ga kasuwa cike maƙil, sai kuma ga motoci suna tashi sama kamar shirwa. Sunansa Iwájú, da Yarbanci wai gaba ke nan, abin da ke tafe. Kamfanin Disney ne ya yi shi tare da wani ƙaramin kamfani mai suna Kugali, na wasu samari uku, biyu 'yan Najeriya ɗaya ɗan Yuganda. Kashi shida ne kacal, kowanne wajen minti ashirin, an sake shi ranar 28 ga Fabrairu a Disney+. To a nan ƙorafin farko ya fara, don Disney+ ɗin ba a buɗe shi a Najeriya ba. Fim a kan Legas, mutanen Landan da Amurka sun riga mutanen Legas gani! Yaran oga akawun ɗinsu na waje ne shi ya sa. Mu sai a Afrilu da aka saka shi a Disney Channel ta DStv, sauran jama'a kuwa ka san hanya, wajen masu tura fim a waya.

Labarin a taƙaice: yarinya ce Tola, 'yar mai kuɗi a Ailan, wato tsibirin masu hali da ke ƙetaren ruwa, ta cika shekara goma. Abokinta Kole yaron gidansu ne mai kula da shuke-shuke, shi daga wannan ƙetaren namu yake, uwarsa ba lafiya. Uban yarinyar injiniya ne, ya ƙera wani ƙadangare na ƙarfe mai suna Otin don ya riƙa tsaron yara daga masu garkuwa, ya ba 'yarsa a matsayin kyauta ba tare da ta san ko mene ne ba. Sai ga wani ƙato Bode, wanda sana'arsa sace 'ya'yan masu kuɗi. Sauran ba zan ɓata maka ba duka, amma dole in taɓa wani wuri a gaba.

A gidana dai ƙadangaren ne ya ci kasuwa. Autana kwana biyu yana bin jan gwada a bayan gida har ya kama ɗaya ya ɗaure shi da zare wai shi ma ya samu mai gadi, sai da uwarsa ta ɗauko tsintsiya. Ita kuwa babbar, mai shekara tara, ba ta ce komai ba sai da aka gama ta tambaye ni wai Baba gidan da kake aiki haka yake? Na ce mata eh to, kusan haka, sai dai motarmu ba ta tashi.

Teburin mai shayi kuwa, wani dare da ba ƙwallo, wani yaro mai gyaran waya ya jona wayarsa a talabijin muka kalli kashi uku a jere, washegari muka ƙarasa. Da farko raini ne, dattijon nan mai albasa a Mile 12 har cewa ya yi manya da gemu za su zauna kallon 'yar tsana. Kafin a gama kashi na biyu shi ne mai cewa a yi shiru. Abin da ya kashe mutane da dariya shi ne 'yan talla, wai tunda masu kuɗi sun koma sama da motocinsu, masu talla sai suka samo ƙananan jirage marasa matuƙi suna aika musu kaya can. Mai shayi ya ce wannan kam wanda ya rubuta ɗan Legas ne na gaske, ko wata ka koma sai an biyo ka da fulanten cif da ruwan roba. Wani tsohon ɗan acaba irinka ya ce saura agbero, 'yan kamashon tasha, su ma fuka-fuki za su saya su riƙa karɓar kuɗin tikiti a cikin gajimare. Wani kuma ya ce shi tambayarsa ɗaya, wannan ƙadangare da wace wutar za a riƙa cajinsa, tunda a watan Afrilun nan aka mayar da 'yan Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta, naira 225 kowane yunit, mu da ba ma Band A ba ko ganin wutar ba ma yi.

Amma ka san me na lura? Ba wanda ya daɗe yana zancen motoci masu tashi. Minti biyar an wuce wajen. Abin da aka kwana ana ja a kai shi ne wanda bai canza ba. An tafi can gaba, an yi gine-gine har suna taɓa sama, amma har yanzu ruwa ne ya raba garin biyu, mai shi yana can ƙetare, mai yi masa aiki yana nan, kullum da safe ya tsallaka da yamma ya dawo. Dattijon Mile 12 ya ce shekararsa talatin da wani abu a Ikko, gadar Third Mainland a gabansa aka buɗe ta a 1990, lokacin ana cewa an gama da gosulo ke nan. Ya kurɓi shayinsa bai ƙara ba.

Daga nan sai aka shiga inda na so a ce kana nan. Yaron mai gyaran waya ya ce shi abin da ya ɓata masa rai, ina mu? Legas ta gobe ba mai suya da zai buɗe baki ya yi magana, ba ɗan canji, ba mai kawo tumatir da shanu, alhali ko yau a rufe Mile 12 da mayankar Oko-Oba kwana uku a ga yadda tukunyar garin za ta yi. Sai wani ya tare shi ya ce kai ba ka kalla da kyau ba, shugabar kamfanin da uban yarinyar yake wa aiki ai Misis Usman sunanta, ita ce ma mai ba shi umarni. Kai jama'a! Nan fa aka raba gari. Wasu suka ce tamu ce, ga shi an ɗora mu a saman kowa, me kuma ake so. Wasu suka ce Usman ai har Ilori da Auchi akwai shi, ƙila ma sunan miji ne. Har ƙarfe sha biyu ana kan matar da ba ta ma wanzu ba, zane ce.

Ni ra'ayina, ban ga laifin yaran da suka yi fim ɗin ba. Garinsu suka zana yadda suka san shi, kuma sun iya. An ce tun farko ma a wata hira da BBC ɗayansu ya cika baki cewa za su kayar da Disney a Afirka, maganar ta kai kunnen Disney ɗin, maimakon fushi sai suka neme su aka yi aiki tare. To mu wa ya riƙe mana hannu? Ga Kannywood nan shekara da shekaru, a zana mana kasuwar Kurmi ko Kantin Kwari bayan shekara ɗari mana, mu ga ko ɗan dako zai samu na'ura ko har lokacin a ka zai ɗauka. Na faɗi haka a teburin aka ce na cika son Yarbawa don ina cin albashinsu.

Wurin da dariya ta ɗauke shi ne batun garkuwa. Ka san a watan Maris ɗin nan aka kwashe 'yan makaranta a Kuriga ta jihar Kaduna, abin yana ran kowa. Da aka zo inda ake neman kuɗin fansa, wani bawan Allah mutumin Birnin Gwari da ke zama a ƙarshen benci ya ajiye kofinsa ya tashi ya tafi, ko biredinsa bai ƙarasa ba. Daga baya aka ce mana ɗan'uwansa ya taɓa shiga hannu, sai da aka sayar da gona. Ba wanda ya san haka a cikinmu sai mai shayi. Kai da kake Funtua ba sai na yi maka bayani ba. A fim ƙadangare ne ke zuwa ceto, shi ya sa wasu suka ce abin ya zo da sauƙi da yawa, an yi wasa da ciwon mutane. Na fahimce su, amma don yara aka yi shi, ba za a nuna musu daji ba. Ƙorafina ni shi ne gajarta, ana fara sabawa da mutanen sai ga shi an gama, ƙarshen kamar ana korarsu.

Kole ne ya tsaya min a rai, gaskiya. Mugun nan Bode ya san uwar yaron na kwance ba kuɗin magani, ta nan ya kama shi don ya miƙa masa yarinyar. A teburin wasu suna ta tsine wa yaron wai maci amana ne, wasu suna cewa a bar shi, wanda bai taɓa tsayawa a bakin kemis da takardar magani ba kuɗi a aljihu ba ba zai gane ba. Ni shiru na yi, don ni ne nake ɗaukar 'ya'yan mutane kullum in kai makaranta in dawo da su, na san lokacin fitarsu, na san hanyar da muke bi. A fim ɗin ma akwai direban gidan, da na gan shi sai na ji kamar ni aka leƙa. Mako guda bayan haka ƙaramar 'yar oga ta dafa kujerata ta ce Ankul, gidanku irin na su Kole ne? Shekara huɗu ina tuƙa su, ranar ce aka fara tambayata inda nake kwana. Na ce mata Agege. Ta ce yaushe zan kai ta ta gani. Uwarta tana gefe tana danna waya, ta ɗago ta ce mata ta zauna da kyau ta ɗaura bel.

Af, kafin in manta, washegarin fitowar fim ɗin, 29 ga Fabrairu, Tinubu ya zo ya ƙaddamar da jirgin ƙasan Red Line, daga Agbado zuwa Oyingbo. Ga tashar Agege nan sabuwa fil, in ka zo ba za ka gane wajen ba, sai dai har zuwa wannan wata na Mayun 2024 ba a fara ɗaukar fasinja ba, kallonta kawai muke yi daga cikin danfo.

Ka nemi katun ɗin ku kalla da yara, sannan ka faɗa min ɓangaren da kake kan Misis Usman, don na riga na ce musu kai za ka raba gardamar. In direban tirelar nan na garinku zai taso ka aiko min da kilishi da ɗan yajin ƙuli, na nan duk sun lalata shi da suga. Ka gaida Hajiya da kyau, ka ce ina neman addu'a. Ruwa ya sauka a wajenku kuwa? Nan har ya fara cika mana kwata.

Naka har kullum,
abokinka na Agege