Wasiƙa zuwa ga aminiyata a Nashbil

Aminiyata,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, tare da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Littattafan labaran soyayya na Kirista da kika ba ƙanin maigidanki ya kawo mini sun iso, na kuma karance su kaf, har Mama ta fara tambaya ko wata jarrabawa ce zan sake rubutawa. Kin ce in gaya miki wanda ya fi burge ni, to amma akwai abin da ya tsaya mini a rai wanda dole in fara da shi.

Kin san yadda labaran suke tafiya. An gama yaƙin basasar Amurka a 1865, gonaki sun lalace, bashi ya yi wa uba katutu, sai ya aurar da 'yarsa ga baƙon da ba ta taɓa gani ba domin kada gona da dawaki su salwanta. Sau da yawa angon mutumin Ailan ne, kuma garin gaba ɗaya ya raina shi. Wannan rainin ba ƙirƙira ba ne. Yunwar da cutar dankali ta jawo a ƙasarsu daga 1845 ta kashe mutane wajen miliyan ɗaya, ta kori wasu da yawa zuwa Amurka, inda suka tarar ana ƙyamarsu saboda talauci da kuma kasancewarsu 'yan Katolika a tsakanin Furotesta. Na ji daɗin yadda marubutan ba su ɓoye cewa masu zuwa majami'a ne suke yin wannan ƙyama ba, mutanen da suka sha jin abin da Yaƙub ya rubuta a sura ta 2 a kan ba mai zoben zinariya wurin zama mai kyau, a bar matalauci a tsaye. Na kuma so wuraren da ƙauna take shigowa a hankali, kamar inda amarya ta leƙa barga da tsakar dare ta tarar da mijin da take gudu yana durƙushe, yana gasa wa goɗiyarta kumburarriyar ƙafa da ruwan ɗumi.

Damuwata tana ga ƙarshen labaran. Ranar sukuwa tana zuwa, doki ya ci, a biya bashi, amarya ta gane tana son mijinta, maƙwabtan da suka ƙi gaishe shi su zo suna miƙa masa hannu. Tarihin sana'ar tseren dawaki a Amurka, ƙasar da kike zaune, bai tafi haka ba. Waɗanda suka san dawakin nan ciki da waje, masu yi musu kilisa, masu kwana a barga, masu hawansu ranar tsere, yawancinsu baƙaƙen fata ne da aka haifa a cikin bauta ko 'ya'yansu, amma a littattafan sai ki same su a gefe, suna riƙe linzami suna ba jarumi shawara. A gasar tseren dawaki ta Dabi ta farko da aka yi a Kentaki a 1875, mahaya 13 daga cikin 15 baƙaƙe ne. Oliver Lewis ne ya ci a kan doki mai suna Aristides, wanda ya horar da dokin kuwa, Ansel Williamson, tsohon bawa ne. Isaac Murphy ya ci gasar har sau uku, a 1884 da 1890 da 1891. Daga cikin gasa 28 na farko, baƙaƙen mahaya sun ci 15.

Nasarar ba ta sa an karɓe su ba, ita ce ma ta jawo musu hassada. Da kuɗi ya yawaita a sana'ar, dokokin wariya kuma suka kafu a kudancin ƙasar, sai fararen mahaya suka riƙa matse su a jikin shingen fili, suna tare musu hanya, har masu dawaki suka ji tsoron asara suka daina ɗaukarsu. Jimmy Winkfield, wanda ya ci a 1901 da 1902, shi ne baƙin fata na ƙarshe da ya ci gasar, kuma sai da ya tafi Rasha, daga baya Faransa, kafin ya ci gaba da sana'arsa cikin mutunci. Marubucin da ya ce yana rubutu domin Ubangiji bai kamata ya ari bargar mutanen nan ya bar labarinsu a waje ba.

Batun auren haɗi ma ya taɓa ni, domin 'yan matan zumuntarmu sun riga sun fara aron littattafan, kuma kin san a nan auren dole ba tatsuniya ba ne. Ana yawan kafa hujja da Ishaku da Rifkatu, cewa ya aure ta sannan ya ƙaunace ta, amma a cikin Farawa 24 an kira yarinyar an tambaye ta ko za ta bi baran Ibrahim, ita da bakinta ta amsa cewa za ta tafi. Inda uba ya yanke hukunci saboda bashi, marubuciya kuma ta tabbatar angon ya fito mutumin kirki, yarinya mai shekara 16 za ta iya ɗauka cewa haƙuri kaɗai yake gyara kowane irin aure. Na yanke shawara za mu karanta ɗaya tare a zumunta, mu buɗe Farawa 24 a gefensa.

Ke da kike zaune kusa da tsohon gidan kiwon dawaki na Belle Meade amma har yau kina cewa ba ki da lokaci, ina roƙonki ki je. Ki tambayi masu zagayawa da baƙi labarin Bob Green, wanda ya yi bauta a wurin, ya kuma ci gaba da shugabantar bargar bayan an 'yanta shi. Ki ɗauko mini hoton ɗakin da ya zauna, ki kuma duba ko akwai littafi a kansa ko a kan Isaac Murphy, domin in nuna wa 'yan matan.

Mama tana gaishe ki, ta ce har yanzu ba ta ga hoton autarki ba. A gaida maigida da yara.

Taki har kullum,
Aminiyarki ta Wusasa