A riƙa faɗa wa mai sayen Landan-yus abin da aka cire wa wayar

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ni mai gyaran waya ne a kasuwar Farm Centre da ke Kano. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana kan wani abu da kullum yake haɗa mu rigima da kwastomomi, alhali ba mu muka ƙulla shi ba, kuma sau da yawa ba ma iya kwance shi.

Wayoyin nan na hannu da muke kira Landan-yus, da yawansu ba su taɓa ganin Landan ba, daga Amurka suke zuwa. A can kuwa yawancin mutane ba sa sayen waya kuɗi hannu sannan su je neman layi yadda muke yi. Kamfanin layin ne yake ba ka wayar, kana biya wata-wata haɗe da kuɗin kira da na data, shekara biyu ko uku. Tunda shi ne babban dillali, shi yake gaya wa masu ƙera wayar abin da za a saka da abin da za a cire. Sai ka ga waya biyu, suna ɗaya, kama ɗaya, amma cikinsu ya sha bamban.

Halin ba na yau ba ne. A 2004 kamfanin layi na Verizon ya sayar da Motorola V710 bayan an toshe mata hanyar tura hotuna ta Bluetooth, har masu wayar suka kai ƙara kotu. A 2010 ya fitar da Samsung Fascinate, wayar Android ce amma an ɗora mata Bing a gurbin binciken Google. A 2010 ɗin dai kamfanin layi na AT&T ya hana Motorola Backflip karɓar duk wata manhaja da ba daga kasuwar Android aka sauke ta ba. A ƙarshen 2011 masu Galaxy Nexus ta Verizon suka tarar ba za su iya amfani da manhajar biyan kuɗi ta Google Wallet ba. Kamfanin ya ce matsalar fasaha ce, sai dai a daidai lokacin shi da AT&T da T-Mobile suna haɗa tasu manhajar biyan kuɗi mai suna Isis. Kowa ya yi nasa lissafin.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne na hotspot. Mutum ya sayi data da kuɗinsa, wayarsa tana iya raba ta zuwa kwamfuta, amma a ce sai ya ƙara wani kuɗin kafin a buɗe masa. Da mutane suka gano manhajojin da ke zagaye wannan shinge, sai Verizon ya sa aka ɓoye su daga kasuwar manhajoji. Hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta sa shi biyan dala miliyan 1.25 a 2012 saboda haka. Edita, a ce a nan aka wayi gari an rufe hotspot! Ɗaliban da ke haɗa kuɗi su sayi data a waya ɗaya su biyar su yi aikin makaranta, ina za su sa kansu? Akwai kuma na ban dariya: a farkon 2019 AT&T ya sauya alamar da ke saman sikirin ta koma 5G E, alhali netwok ɗin 4G ne. Ba a ƙara wa wayar komai ba sai rubutu. Wani kamfanin layin, Sprint, ya kai shi kotu a kan haka.

To ina ruwanmu? Ruwanmu shi ne idan an gama cin moriyar waɗannan wayoyi a can, teburinmu suke ƙarewa.

Kwanakin baya wani dattijo ɗan fansho ya zo wurina da wata babbar waya mai tsada, ɗansa ne ya saya masa. Ya ciro ta daga aljihun jamfa a naɗe cikin hankici, ya ajiye min da iyafis ɗinsa, ya ce, "Ɗana, nemo min rediyo, na duba har idona ya gaji." Na shiga duk inda ake shiga, babu. Na ce, "Baba, wannan ba ta da rediyo sai dai ta intanet, kuma da data." Ya dube ni ya dubi wayar, ya ce, "Rakani-kashina ta dubu kaɗan tana da shi, wannan ta rasa?" Da ya tashi tafiya sai na ga ya zaro ƙaramar daga ɗaya aljihun, ya maƙala iyafis, don kada labaran rana su wuce shi.

Abin haushin shi ne wayoyi da dama na shekarun baya suna ɗauke da na'urar kama FM a jikin fanel, a kashe kawai aka bar ta. Gidajen rediyon Amurka sun daɗe suna ƙorafin cewa kamfanonin layi sun fi son a saurari komai ta intanet don data ta tafi. A 2017, bayan guguwar da ta katse sadarwa a sassan ƙasar, shugaban FCC na lokacin, Ajit Pai, ya fito fili ya nemi Apple ya kunna FM a wayoyinsa. Apple ya amsa cewa iPhone 7 da 8 ma ba su da na'urar. Can wannan muhawara ce ta ranar bala'i, mu kuwa rediyo abokin kwana da tashi ne. Haka batun layi biyu. Mu da ke yawo da sim biyu saboda wanda ke kamawa a birni ba lallai ya kama a ƙauye ba, sai a kawo mana samfurin kamfanin layi mai gidan sim ɗaya. Duk mai mamakin yadda Tecno da Itel da Infinix suka cinye kasuwarmu, ya fara dubawa ta nan, ba araha kaɗai ba ce.

Sai uwa uba, kulle. Wayar da aka ɗaure da layin kamfani ɗaya ba ta karɓar sim ɗinmu. Maganin da ake yi a kasuwa shi ne wani ɗan cip siriri kamar takarda da ake shimfiɗawa ƙarƙashin sim. Yana aiki, ba na musu, amma ranar da mai wayar ya sauya layi ko ya sabunta manhajar wayar, sabis na iya ɗaukewa ɗif. Nan ne zai dawo yana huci, kuma mai gyara zai fara samu. Wani abin filashin yana gyara shi, wani kuwa a jikin fanel yake, ko ka kwana a kansa. Ga kuma iPhone 14 ta Amurka da ta fito a 2022 ba gidan sim kwata-kwata sai eSIM, wato layin da ake ɗora wa waya ba tare da an saka katin sim ba. Wannan kam shawarar Apple ce, amma na ga waɗanda aka fasa aka dasa musu gidan sim, aka sayar ba tare da an ce wa mai saye uffan ba.

Don a yi adalci, ban ga laifin kamfani ba idan ya kulle wayar da ba a gama biyan kuɗinta ba, bashi hanji ne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a gama biya wayar ta ci gaba da zama gurguwa. Wasu ƙasashen sun gane haka. Kanada ta wajabta sayar da waya a buɗe tun Disamban 2017, hukumar Ofcom ta Birtaniya ta hana sayar da kullalliyar waya daga Disamban 2021. Wato ta Landan ta gaskiya, idan sabuwar fitowa ce, ta fi kwanciyar hankali.

Ga mai saye, kafin ka ƙirga kuɗi ka sa sim ɗinka ka yi kira a gaban mai shago, ka kunna hotspot, ka nemi rediyo idan kana so. A Samsung ka duba lambar samfurin: idan ta ƙare da U ta kamfanin layin Amurka ce, U1 ta Amurka ce buɗaɗɗiya, mai DS kuma ita ce mai sim biyu. A iPhone akwai layi a shafin bayanin waya da ke nuna ko a kulle take. Ka kuma zaro gidan sim da hannunka ka ga ko akwai cip a kwance.

'Yan uwana 'yan kasuwa, mu ji tsoron Allah. Ɓoye aibin haja haramun ne, kuma kowa a cikinmu ya san haka. Ina kira ga shugabannin ƙungiyoyinmu su sa doka a riƙa rubutawa a rasit: buɗaɗɗiya ce ko mai cip, sim ɗaya ko biyu, da rediyo ko babu. Hukumar NCC kuma, tunda ita ke tantance wayoyin da ke shigowa ƙasar nan, ta sa ido tun yanzu a kan wayoyin bashi da suka fara yawa a wurinmu, waɗanda ake kulle su daga nesa idan an yi jinkirin biya. A rubuta wa mai karɓa da Hausa abin da za a iya kashewa a wayarsa, da ranar da za a sake masa ita gaba ɗaya idan ya gama biya.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Mai gyaran waya,
Kasuwar Farm Centre, Kano