Kafin a ɗora wa bindiga madubi, a fara auna mai harbin

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Tun ina bakin aiki nake karanta jaridarku, amma ban saba rubuto muku ba. Abin da ya sa na ɗauki biro yau shi ne hoton da kuka buga a makon jiya na matasan da aka ɗauka aikin gadin daji, an jera su da sababbin bindigogi, wasu har da madubin hangen nesa a kai. Jama'a sun ga kayan aiki sun yi murna. Ni kuwa wuyan yaran na tsaya dubawa. Na gaban nan, kuncinsa ko taɓa ƙotar bindigar bai yi ba, haɓarsa ce kawai a kai, ya miƙa wuya yana leƙen madubi. Na daɗe ina koya wa kurata harbi kafin in tuɓe kaki, kuma ina tabbatar muku, ko nawa aka sayo madubin nan, a haka harsashinsa biyu ba za su faɗa wuri ɗaya ba.

Laifin ba na yaron ba ne. Bindigogi irin su AK-47 an sassaƙa ƙotarsu ne don saitin ƙarfe, wato ma'aunin da bindiga ke zuwa da shi ba madubi, wanda ke kwance kusa da bututu. Da an ɗora madubi a bisa, sai layin ido ya hau sama, ƙota kuma tana nan inda take. Dole mai harbi ya ɗaga kai ya bi madubin. Kan babban mutum ya kai wajen kilo 5. In ƙashin kunci ya zauna a kan ƙota, itace ne ke ɗauke da wannan nauyi. In bai zauna ba, jijiyoyin wuya ne ke ɗauke da shi, su kuwa ba a jimawa suke gajiya su fara rawa.

Ga wani lissafi da 'yan kwangila ba sa yi. Hasken da ke fitowa ta bayan madubi zuwa ido siriri ne ƙwarai. In gilashin gaba milimita 50 ne, aka murɗa madubin yana kusanto da abu sau 25, faɗin wannan haske milimita 2 ne kacal, wato 50 a raba 25. A cikin wannan ɗan wuri ake so ƙwayar ido ta zauna, ta kuma koma daidai nan a kowane harbi. Ta goce kaɗan, sai baƙin inuwa mai siffar jinjirin wata ya rufe gefe ɗaya. Akwai wanda ya fi wannan muni, domin shi ba ya nuna kansa: in ba a daidaita madubin da nisan abin da ake auna ba, motsin kai kaɗai yana sa layukan nan biyu da suka gitta juna a cikin madubin su zame daga kan allon harbi, alhali bindiga ba ta motsa ba. Sai ka ga harsashi ya warwatsu, a ce madubin jabu ne, ko a zagi yaron a ce bai da hannu.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. A Yaƙin Duniya na Biyu, da Turawan Ingila suka so ba gwanayen harbinsu bindiga mai madubi, sun zaɓo masu kyau cikin Lee-Enfield lamba 4, wadda 'yan sandanmu na da suka daɗe suna rataye da irinta, suka kai wa kamfanin Holland & Holland. Bayan an ɗora madubin, sai aka ɗaure wani guntun katako a bisa ƙota don kunci ya sami wurin zama. Rasha ma da ta fitar da bindigar Dragunov a 1963, da matashin kunci ta zo, wanda ake ɗaurawa in za a yi aiki da madubi, a cire in za a koma saitin ƙarfe. Ita Lee-Enfield ɗin ma ba ƙota ɗaya ake yi mata ba: akwai gajera, akwai madaidaiciya, akwai doguwa, a ba kowane soja daidai hannunsa. Manomi ma ai ba ya karɓar ƙotar fartanya sai ya gwada ta da tsawonsa.

To wane tsayi ya dace? Mu a zamaninmu karatu ɗaya aka yi mana, cewa a kwantar da madubi iya kwanciya, muddin gilashin gaba bai taɓa bututu ba, kuma hannun ɗana bindiga yana wucewa bai gogi madubin ba. Akwai gaskiya a ciki, domin ƙotocin wancan lokaci ba sa hawa ba sa sauka. Amma ban yarda a mai da shi doka ba. Na ga mai faɗin fuska da cikar kumatu da aka kwantar wa madubi, sai da ya karkatar da kai ya danna fuska a itace kafin ya ga komai, ido yana kallo ta ƙasan gira. Wannan ma an yi ba a yi ba ne. Masu gasar harbin nesa a Amurka da Turai yanzu da yawansu sun koma ɗaga madubi kaɗan, su ɗaga matashin kunci ya biyo shi, don kai ya tsaya a miƙe. A bindigar farauta ta gama-gari, daga tsakiyar bututu zuwa tsakiyar madubi wajen inci 1.5 ne. A irin M16, wadda ƙotarta ke miƙe layi ɗaya da bututu, yakan wuce inci 2.5. Babu wanda ya fi wani. Abin da nake nacewa a kai shi ne a auna wannan tazara a rubuta, domin harsashi daga ƙasan layin ido yake tashi, kuma duk lissafin inda zai faɗa daga nan yake farawa.

Gwajin da nake yi wa yarana ba ya cin ko harsashi ɗaya. A tabbatar bindiga babu komai a ciki. Yaro ya kwanta rub da ciki, ya rufe ido, ya kafa gindin bindiga a kafaɗa, ya sauke kunci ya saki wuya kamar mai shirin gyangyaɗi. Ya ja numfashi ya sauke, sannan in ce, "Buɗe." In ya ga da'ira cikakkiya tas, an dace. In sai ya ɗaga kai, ƙota ta yi ƙasa. In sai ya danna fuska, madubi ne ya yi ƙasa. Kada a bar shi ya gyara kansa, domin kurtu in yana tsoron samanja cewa zai yi yana gani ko ba ya gani. Ni nakan tsuguna a gefensa ina kallon wuyansa lokacin da ya buɗe idon, motsin farko shi ke gaya mini gaskiya. A yi wannan da madubin a murɗe zuwa ƙarshen ƙarfinsa, kuma da kayan da zai shiga daji da su.

Maganar kaya ba ƙarama ba ce. Yawancin bindigogin farauta daga kunama zuwa gindin ƙota inci 13.5 ne, awon mutumin da ke sanye da riga mara kauri. Sa masa rigar sulke, ko jibgegiyar rigar sanyi lokacin hunturu, bindiga ta yi gaba, ido ya yi nisa da madubi. Sai ya riƙa zuro kai yana neman hoton. Tsakanin ido da madubi ana son inci 3 zuwa 4. Wanda ya matsa ya wuce haka, ranar da bindiga ta tunkuɗo shi bakin madubin zai tsaga masa gira. Daga ranar kuma ya shiga runtse ido tun kafin ya ja kunama, kuma raba mutum da wannan ɗabi'a ya fi koya wa sabo wuya.

Gyaran bai kai kuɗin zobban da ke riƙe madubin ba. Kafinta zai iya fere katako daidai kuncin mutum, a ɗaure da robar tayar keke. Ko soso mai tauri a naɗe da salatif, sojojin ƙasashen da suka fi mu kuɗi ma sun yi haka a fagen daga. Ban da soson katifa dai, yau ya lotsa gobe ya taso.

Ba ina koya wa kowa riƙe makami ba ne, dokar makamai ta 1959 tana nan, kuma da waɗanda hukuma ta damƙa wa bindiga nake. Dajin da za a tura yaran nan akwai makiyaya a ciki, akwai mata masu itace, akwai gonaki a gefe, harsashin babbar bindiga irin G3 kuwa yana iya tafiya fiye da kilomita 3 in ya kuskure abin da aka auna. Don haka roƙona ga shugabanninsu biyu ne. A ware yini guda a auna kowane yaro da bindigarsa kafin a kai su filin harbi. Sannan bindigar da aka gyara wa mutum a rubuta lambarta a gaban sunansa, a daina miƙa wa kowa wadda hannu ya fara kaiwa gare ta da safe a ɗakin ajiye makamai.

Na gode da ba ni fili.

Naku,
Tsohon samanja mai ritaya,
daga Zariya.