Sanarwa ga masu rubuta memuwar (kundin binciken kammala karatu)

Salamu alaikum ƴan uwa ɗaliban Jami'ar Abdou Moumouni. Ku tambayi malaminku tsarin ambaton littattafan da kuka yi amfani da su wanda sashenku ke bi, kada ku cakuɗa biyu. In APA ne (ɗaya daga cikin waɗannan tsare-tsare), maganar da kuka kwaso kalma da kalma sai da sunan marubuci, shekara da lambar shafi. In ta kai kalmomi 40, a ware ta, a tura ta ciki, ba alamar zance. Marubuta uku ko fiye: a cikin rubutu, sunan na farko, sai "et al." (wato "da sauransu").

Inda malamai suka fi kama mutum ranar kare aiki: suna na cikin rubutu amma babu shi a jerin littattafai, don an bar jerin sai daren bugawa. Zotero, manhajar tsara jerin littattafai, kyauta ne, ku riƙa shigar da littafi tun ranar da kuka buɗe shi.