Wasiƙa Zuwa Ga Malam Habu Kan Tafiyar Nura

Abuja

Aminina Malam Habu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali da mutanen Yola baki ɗaya. Na ga saƙonka a kan Nura da ya nace sai ya bar ƙasar nan, har wani dillali ya ba shi takardu. Don Allah kada ka ɗauka rashin haƙuri ne. Yaron ya gama digiri, ya yi bautar ƙasa, ya kuma ga yadda ake samun aiki a garin nan.

Guraben aikin gwamnati da yawa ba a tallata su. Hukuma takan nemi izinin cike gurbin waɗanda suka yi ritaya ko suka rasu ba tare da sanarwa ba, a raba wa masu uwa a gindin murhu, ragowar su faɗa hannun dillalai. Dillali zai karɓi rabin kuɗi, ya kawo takardar ɗaukar aiki, ya ce cikon sai an saka sunanka a IPPIS, tsarin biyan albashi. A nan ake shiga uku. Wata takardar jabu ce, wani gurbin kuma mutum uku aka sayar wa. Mutum ya yi ta zirga-zirga ofis babu albashi, kuma ba shi da bakin kai ƙara, tunda doka tana kama mai bayarwa kamar yadda take kama mai karɓa. A 2023 kwamitin Majalisar Wakilai ƙarƙashin Yusuf Gagdi ya binciki wannan ciniki, har wani tsohon ma'aikacin Hukumar Raba Daidai ya amsa cewa ya karɓi kuɗin masu neman aiki.

Wanda ya ce zai bi layi fa? Ka tuna Maris ɗin 2014, da aka karɓi naira 1,000 a hannun kowane mai neman aikin shige da fice, aka tara su a filayen wasa, har da na nan Abuja, aka yi turmutsitsi, fiye da mutum goma suka rasu. Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ya nuna cewa a 2023 kaɗai an ba jami'an gwamnati cin hancin kusan naira biliyan 721. Talauci ana jure shi muddin mutum yana ganin ƙoƙarinsa zai kai shi wani wuri. Abin da ke korar irin su Nura shi ne sun daina ganin hakan, kuma wallahi abin yana ci mini rai.

Sai dai hanyar fitar ma masu jira sun tare ta. Tun Satumbar 2025 kuɗin fasfo a hukumance naira 100,000 ne mai shafi 32, naira 200,000 mai shafi 64. Nura ya cike fom ɗin fasfon da kansa ta intanet, ya biya a can, ya tabbatar sunansa da ranar haihuwarsa sun yi daidai da na NIN, lambar shaidar ɗan ƙasa, domin harafi ɗaya ya saɓa, aiki ya tsaya, daga nan ne masu cewa "kawo na goro a gyara" suke samun ƙofa.

Duk wanda ya ce zai kai shi Ingila aikin kula da tsofaffi, ku guje shi. An rufe ɗauko sababbin ma'aikatan daga waje tun Yulin 2025. Bizar umara kuma ba ta aiki ba ce. In ta ƙare ya zama takari, kullum yana ɓuya. Hanyar Agadas zuwa Libiya kuwa kada ma a kawo zancenta.

In karatu zai tafi, ya nemi gurbin kai tsaye a shafin jami'ar, kuɗin makaranta kuma asusunta za a tura, ba na wani mutum ba. Ka turo mini hoton takardun da dillalin nan ya ba shi kafin ku biya ko sisi.

Ka gaishe mini da Hajiya da yara.

Naka,
Sabi'u