Wasiƙa kan akwatin da ke bayan kyamara

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Mu nan Kano sai godiya, zafi ne dai ya fara gasa mu.

Ka tambaye ni yadda mai ɗaukar hoto ke kutsawa cikin dawaki a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe, ba waya a bayansa, amma hoton na fita kai tsaye a talabijin. Ka ce ko data ce. Ko kusa. Wani ɗan akwati ne ake maƙalawa tsakanin kyamara da batirinta, da 'yar eriya a kansa. Shi ke karɓar hoton, ya matse shi da tsarin H.264 ko H.265 don ya rage nauyi, sannan ya harba shi ta igiyar rediyo da ake kira maikurowef. Tashoshin FM ba sa wuce megahaz 108. Maikurowef kuwa a wajen gigahaz 2 ko 7, wato megahaz 2,000 ko 7,000, aka fi aiki da shi, kuma ƙarfinsa yawanci bai kai wat ɗaya ba, shi ya sa batir ke iya riƙe shi.

Halin maikurowef shi ne miƙewa sak, ba ya son shamaki. Katanga na tare shi, rufin kwano na maido shi, jikin mutum ma na shanye shi saboda ruwan da ke ciki. A na'urorin da, siginar da ta bugi gini ta dawo takan iso a makare ta rikita ta ainihi, sai ka ga hoto na rawa. Na yanzu suna amfani da COFDM, dabarar da ke cikin talabijin na dijital samfurin DVB-T. Ana rarraba bayanan a kan ƙananan igiyoyi 1,705 cikin faɗin megahaz 8, kowace na ɗauke da ɗan kaɗan, ana kuma barin 'yar tazara tsakanin aikawa da aikawa domin mai makara ta iso ba ta yi ɓarna ba. Kamar ka raba dila ga 'yan dako da yawa a Kantin Kwari ne, kowa da lungun da zai bi. In wasu sun maƙale, akwai ƙarin bayanan gyara da ake cike gurbinsu da su.

Ni a wajena gwaninta ba a akwatin take ba, tana wajen mai kafa eriyar karɓa. Mukan ɗora biyu ko huɗu a kan bene ko a sandar motar aiki, na'urar karɓa ta haɗa abin da kowace ta samo. Daga motar kuma sai a saita faranti ya fuskanci na tasha, dole su ga juna. Kano shimfiɗaɗɗen gari ne, in ka cire Dala da Goron Dutse, don haka tsawon sanda ne ke raba gardama.

Akwai jakar goyo mai layukan waya da yawa, irin ta LiveU, kuma ba na kushe ta. Amma ka je filin wasa na Sani Abacha ranar da ya cika, kowa na ɗora bidiyo a Facebook, ka ga yadda sabis ke shaƙewa. Maikurowef hanyarsa tasa ce shi kaɗai, jinkirinsa kuma bai kai daƙiƙa guda ba.

Tunda ka ce kuna shawarar saye, ku fara da izini, domin mita ba a hawanta haka kawai. A nan hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin, NBC, da ta sadarwa, NCC, ne ke da ta cewa, ku binciki na wajenku. Kada kuma a kunna akwatin ba eriya a jiki, yana iya ƙonewa. Yana ɗaukar zafi sosai, kada yaranku su naɗe shi da tsumma wai don ƙura.

Ka gaida Baba, Allah Ya ƙara masa lafiya. Ka turo mini hoton filin da za ku yi aikin, in ga inda eriya za ta zauna.

Naka,
amininka daga Kano.